Mama Tana Raba Ƙwayar Maganinta Biyu Don Ta Sami Na Baiko

Goggo mai filin shawara,

Ki taimake ni don girman Allah, kafin baƙin ciki ya kwantar da ni kusa da mahaifiyata mu zama marasa lafiya biyu a gida ɗaya. Na daɗe ina karanta filinki ina cewa mutane ba su da ta ido, suna kwashe sirrin gidansu suna kai wa jarida. To yau ga ni ni ma na zo. Ki ɓoye sunana, kuma ki yi haƙuri da rubutun, a lokacin hutu nake yinsa a bayan gidan burodin da nake aiki, zaune a kan buhun fulawa.

Ni Kirista ce tun haihuwa, don haka kada wani ya karanta ya ce maƙiyiyar coci ce ta rubuto. Ina zuwa sujada, yarana suna makarantar Lahadi, duk waƙar da aka ɗauko na san amshinta. Amma yau raina a ɓace yake da coci, da fasto, da mahaifiyata, har da ƙanina da yake can kan hanya da babbar motarsa yana koya mini haƙuri ta waya.

Ga yadda muke. Aikina naɗe burodi a leda. Tun sassafe nake tsaye a gaban teburin ƙarfe, burodi ya fito da zafinsa, mu jira ya huce, mu sa a leda, mu ƙulle, mu jera a kwando, har yatsu su sandare ƙafa ta kumbura. Tun da fulawa ta yi tsada mai gidan burodin ya rage mana ranakun aiki, albashi ma ya bi sahu. Mijina magini ne, mutumin kirki, amma wa yake gini yanzu? Sai ya ɗauki kayan aikinsa ya tsaya a bakin titi da sauran magina, rana ta gasa su, ya dawo da kayan a bushe kamar yadda ya fita da su. Hannu baka hannu ƙwarya muke. Ciki da falo muke haya, sai wani ɗan ɗaki da a da muke zuba tarkace, shi muka share muka sa wa Mama gado bayan rasuwar Baba.

Mama tana da hawan jini. Likita ya ɗora ta a kan ƙwaya ɗaya kullum da safe, ya ce ba fashi, har iyakar rai. Maganin nan ba shi da arha ko kaɗan. Duk wata idan an biya mu, kafin haya, kafin abinci, kuɗin maganin nake fara cirewa in damƙa mata a hannu, don kemis ɗin yana kan hanyar da take bi ta ɗauko autana daga makaranta, kuma ita mace ce mai son ta yi abinta da kanta. Goggo, akwai watan da na yi ta zuwa aiki a ƙasa don kada in taɓa kuɗin nan. Takalmina ya tsinke na ɗinke shi da zaren buhu, abokan aikina suka yi ta yi mini tsiya wai na buɗe shagon gyaran takalma. Ban taɓa faɗa mata ba, yanzun ma ba don a gode mini na faɗa ba, don ki san abin da ya sa nake tafasa ne.

Wata safiya ina ɗaura ɗankwali zan fita, sai na ji ƙara a banɗaki kamar bokiti ya kife. Na tura ƙofa na tarar da Mama a ƙasa, bakinta ya ɗan karkace, hannun hagu ya ƙi ɗaguwa. Wani maƙwabcinmu mai mota, Allah ya saka masa, shi ya kai mu asibiti. Likita ya auna jininta, ya ɗago ya yi mini irin kallon da ake yi wa 'yar da ta yi watsi da uwarta, ya tambaya ko tana shan magani. Na ce tana sha. Ita ma da harshenta ya saki ta ce ba ta taɓa fashi ba ko na rana ɗaya. Allah ya taƙaita, jikin bai shanye ba, sai dai hannun har yau ba ya riƙe kofi da kyau. Likitan ya ce wannan gargaɗi ne, na biyu ba ya yin sallama. Ya kuma ce in kawo masa maganin ya gani.

Na koma gida ɗauko shi. A ƙarƙashin matashinta na sami wani tsohon gwangwanin man shafawa, a ciki akwai reza da ƙwayoyin maganin, kowace an tsaga ta biyu daidai wa daida kamar da ma'auni. Na tsaya da gwangwani a hannu na kasa gane abin da nake gani. Sai da na biya ta kemis na tambaya, mai kemis ya ce ai tun bara rabin abin da aka rubuta Mama take saya, shi ya ɗauka likita ne ya rage mata. Ashe gaskiya ta faɗa, ba ta fashi, rabi take sha. Rabin kuɗin kuwa baiko yake tafiya, wato abin da ake sakawa a kwando a coci.

Bari in gaya miki yadda ake baiko a cocinmu don ki gane. Ba a zagayawa da kwando a miƙa wa mutum a inda yake zaune. A gaba ake ajiye shi, mawaƙa su kama waƙa, masu hidima su tsaya a bakin benci, a riƙa tashi layi-layi, a taka a je a saka a dawo. Wanda ba shi da ko sisi hanya biyu ce gare shi. Ko ya zauna shi kaɗai a benci kowa yana tsallake ƙafarsa yana kallonsa ta gefen ido, ko ya tashi da dunƙulallen hannu, ya zura a kwando, ya saki iska ya dawo. Kowa ya san wannan dabara. Ƙarshen wata rabin layinmu da ita muke fita kunya, ni kaina gwana ce, har ɗan rausayawa nake yi don abin ya yi kyau. Mama ta ce ita ba za ta yi wa Allah wayo ba. Zama a benci kuma ta ce ai ba ta mutu ba tukuna. Kuma ba na Lahadi kaɗai ba ne. Ga baikon godiya, ga gudummawar rufin coci, ga taron mata na tsakiyar mako, wance ta haihu, wane ya rasu, kowanne da kwandonsa, kowanne kuma sai an ga Mama a gaba.

Da aka sallame ta na ajiye mata gwangwanin a gaba. Ina zaton za ta sunkuyar da kai, ina! Ko a jikinta. Wai rabin ƙwaya da addu'a ya isa. Wai tun tana amarya ba ta taɓa shiga gidan Allah hannu rabbana ba, ko shekarar da Baba ya rasa aiki, ba kuma za ta fara da furfura a kanta ba. Na ce mata kuɗin nan gumina ne. Ta ce da na ba ta ai ya zama nata. Goggo, wannan magana ta ƙona ni fiye da murhun gidan burodi.

Daga ranar na karɓe komai. Ni nake sayo maganin, ni nake tsayawa a kanta da kofin ruwa har ta haɗiye, wani lokaci ma sai na ce ta buɗe baki in gani. Ko kwabo ba ya shiga hannunta, cefane ma mijina nake ba. Na kira ƙanina na ce idan zai aiko da wani abu ya aiko mini. Sai ya ce wai in bar tsohuwa da Allahnta. Magana mai daɗin faɗa ga wanda bai ɗauko ta daga ƙasan banɗaki ba. Mijina kuwa ya ce shi ba ya shiga tsakanin uwa da 'ya, ya ɗauki kayansa ya fice.

Ban tsaya nan ba. Da na tashi aiki wata rana, da garin fulawa a jikina, na wuce ofishin fasto, na dire masa gwangwanin a kan tebur na ce ga abin da ake rufa coci da shi. Na ce kullum wa'azin bayarwa, a bayar da farin ciki, a bayar ko ana cikin matsi, amma ban taɓa jin ranar da wani ya tsaya a gaban jama'a ya ce tsofaffi ku sha maganinku ba. Na ce idan uwata ta mutu su zo su ɗauki rufin su rufe kabarinta da shi. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba. Tsakani da Allah, faston nan ba irin masu manyan motoci ba ne, wani tsohon babur gare shi, kwalar rigarsa ma ta koɗe. Ya ɗauki gwangwanin yana juya shi, idonsa ya kawo ruwa, ya ce har ga Allah bai sani ba, kuma zai yi wani abu a kai. Na fito ina jin na sauke kaya.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ranar Lahadin da Mama ta fara komawa coci, sai fasto ya kawo maganar a wa'azi. Bai kama suna ba, wai wata uwa a cikinmu ta hana kanta magani saboda ƙaunar Allah. To wace uwa ce ta fito daga asibiti a cocin nan in ba ita ba? Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Da aka zo baiko layinmu ya tashi, ita ba ta da komai saboda na hana, wata mai hidima kuma ta dafa kafaɗarta ta ce ta zauna ta huta. Haka ta zauna ita kaɗai a bencin, jakarta a kan cinya, mutane suna tsallake ƙafarta suna yi mata murmushin tausayi. Bayan kwana kaɗan sai ga dattawan coci a gidanmu da buhun shinkafa da galan na mai da ambulan. Suka ce an sa ta cikin gwaurayen da coci yake tallafa wa, kuma daga yau an ɗauke mata baiko, kada ta ƙara damun kanta.

Mama ta karɓe su da fara'a, ta ba su ruwa, ta yi musu addu'a, ta raka su har ƙofa. Daga nan ta shige ɗakinta. Magana ɗaya ta yi mini, cewa na tuɓe mata zane a gaban jama'a, na mai da ita mabaraciya a gidan Ubanta. Tun ranar ba ta sake taka coci ba. Yanzu ƙwaya guda cur take haɗiyewa ba musu, amma da muka koma awo nas ta ce jinin ya ƙi sauka. Abinci sai ta tsakura ta ture. Matar da in tana wanki har maƙwabta suke jin waƙarta, yanzu sai ki wuni ba ki ji muryarta ba. Ranar Lahadi ta kan yi wanka ta zauna a bakin gado tana kallon bango har mu dawo. Ta rame, wuyanta duk ya fito. Buhun shinkafar kuma yana nan bayan ƙofa da ambulan a kansa, ta ce kada wanda ya taɓa, alhali yarana suna wucewa ta gabansa da cikin da bai cika ba.

Goggo, ki gaya mini, ni ce mai laifi? Ni da na ceci ranta ni ce kuma abar gaba? Wane irin addini ne zai sa tsohuwa ta ɗauki reza ta yanka lafiyarta biyu? Me Allah zai yi da canjin Mama, shi da yake da sama da ƙasa? Me ya sa talaka, wanda ya fi kowa buƙata, shi ya fi kowa rawar jiki wajen kai kuɗi coci? Har na fara tunanin in kwashe yarana mu bar cocin gaba ɗaya. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne ina kallon uwata tana ƙarewa a gabana, da magani a cikinta, kuma ban san me zan yi ba. Ina jin tsoron safiyar da zan sake jin ƙarar bokiti.

Taki,
Mai Naɗe Burodi


'Yata Mai Naɗe Burodi,

Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Mama lafiya. Na karanta wasiƙarki har ƙarshe, na kuma ji zafin da yake cikinta. Kin tambaye ni ko ke ce mai laifi. A kan magani ba ki da laifi ko ƙanƙani, kuma kada kowa ya sa ki ja da baya, ko ƙaninki, ko Mama, ko ni. Ƙwaya guda da likita ya rubuta guda za a sha. Cikin makon nan ki mayar da ita wurin likitan, kada ki jira ranar awo. Ki faɗa masa komai, da rabin ƙwayar da ta daɗe tana sha, da rashin cin abinci, da shirun da ta shiga, don shi ma wannan shirun ciwo ne kuma yana da hannu a jinin da ya ƙi sauka. Ki tambaye shi ko akwai irin maganin mai sauƙin kuɗi, ba abin kunya ba ne. Idan kuma kika sake ganin baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya yi nauyi, asibiti kai tsaye.

Fushinki da coci ma yana da tushe, ni kaina raina ya ɓaci. Tsarin da zai sa mutum ya zaɓi tsakanin kunya da ƙarya a wurin ibada tsari ne da yake buƙatar gyara, ko da an saba da shi tun kaka da kakanni. Fastonku da alama mutumin kirki ne, amma garin neman gira ya tsole ido. Sirrin da aka kai masa ofis ba na wa'azi ba ne. Dattawan kuma da suka ce an ɗauke mata baiko, wa ya ɗora mata da har za su ɗauke? Sun zo da alheri, sun tafi da mutuncinta ba su sani ba.

Yanzu tambayarki, me ya sa talaka yake bayarwa. Ba zan jawo miki aya ba, kin ji su har kin haddace. Akwai masu bayarwa don tsoro. Akwai waɗanda aka ruɗa cewa in sun saka kaɗan Allah zai mayar musu da ninki, kamar wani ɗan kasuwa, masu koyar da haka kuwa su ji tsoron Allah. Akwai masu bayarwa don idon jama'a. Amma da yawa suna bayarwa ne don godiya, da kuma don wurin nasu ne. Na tabbata cocin nan shi ya tsaya mata ranar da Babanku ya rasu, da kuɗin wasu talakawa irinta aka yi hidimar, ta kuma san da ɗan abin da take sakawa za a tsaya wa wata gobe. Shinkafar da take bayan ƙofarku ma daga irin wannan canjin ta fito.

Sannan ki dubi rayuwar Mama yadda take a yau. Ɗakin da take kwana naku ne. Abincin da take ci ke kika nemo. Maganinta ke, zanenta ke ko ƙaninki. Daga safe zuwa dare hannunta a ƙasa yake, tana karɓa tana godiya ga 'ya'yan da ta goya. Wuri ɗaya ya rage mata a duniya inda hannunta yake sama, inda take tashi ta taka da ƙafarta a matsayin mai bayarwa kamar kowa, shi ne gaban kwandon nan. Ke kin ga canji, ita kuwa abin da ya rage mata na girma take kaiwa. Kin rufe wannan ƙofa don ki ceci ranta, coci kuma ya zo ya sa mata kwaɗo. Shi ya sa take haɗiye magani tana ramewa.

Ban wanke Mama ba fa. Kuɗin magani amana kika ba ta, ba kyauta ba, kuma ba a yi wa Allah baiko da amanar wani. Ita da ta ƙi yi wa Allah wayo da dunƙulallen hannu, ai ta yi wa 'yarta da likitanta wayo da reza. Ya kamata ta ji wannan, cikin ladabi, daga bakinki. Ki kuma daina ɓoye mata wahalarki. Ki ba ta labarin tafiyar ƙasa da takalmin da kika ɗinke da zaren buhu, ba da gori ba, don ta san abin da take tsagawa biyu. Uwa ce, za ta ji shi fiye da duk faɗan da kika yi. Daga nan ki nemi ta yi miki alkawari a gaban Allah cewa ba za ta ƙara taɓa maganinta ba. Irin Mama in ta yi alkawari haka ba ta saɓawa, kin ga sai ki daina cewa ta buɗe baki. Wannan binciken baki ki bar shi daga yau, ba a yi wa uwa haka.

Amma kafin ki kai ga nan, ke za ki fara ba da haƙuri, kuma ki san a kan me. Kada ki ba ta haƙuri a kan magani. Ki ba ta haƙuri a kan gwangwanin da kika fitar daga ƙarƙashin matashinta kika kai ofis. Zafin zuciya ne ya kai ki, na gane, amma sirrinta ne, kuma daga teburin nan komai ya lalace.

Sai maganar kuɗi a hannunta. Ki ci gaba da sayo maganin da kanki, kada kuɗinsa ya sake bi ta hannunta. Amma in tambaye ki, wa yake ɗauko autanki daga makaranta kafin ta kwanta ciwo? Wa yake wanki, wa yake tsare gida kina wurin burodi? Da baƙuwa ce take yin wannan da kin biya ta. To ki ware wani abu duk wata, komai ƙanƙantarsa, ki ce mata haƙƙin aikinta ne, ba sadaka ba. Ƙaninki mai cewa a bar tsohuwa da Allahnta, ga inda zai nuna da gaske yake, ya ɗauki rabin wannan a wuyansa ba fashi. Abin da ta yi da kuɗin ba ruwanki. Ko duka ta juye a kwando kada ki ɗaga gira. Ki kuma mayar mata da cefane in jikinta ya yarda.

Fasto kuma ki koma wurinsa, wannan karon da ruwan sanyi, ki tafi da mijinki don ya daina fakewa da kunyar suruka. Ku roƙe shi ya zo gida shi kaɗai, ba da tawaga ba, ya ba Mama haƙuri a kan wa'azin, ya janye maganar an ɗauke mata baiko, ya ce mata bencinta yana jiranta. Ya kuma faɗa mata da bakinsa cewa shan magani cikakke ba ƙarancin bangaskiya ba ne, don daga bakinsa zai fi shiga. Ku ba shi shawara a ajiye akwati a bakin ƙofa, ko a nemi wata hanyar da mai shi da marar shi za su fita da mutuncinsu. Ina tabbatar miki ba Mama kaɗai ce mai reza a cocin nan ba. Maganar barin coci kuwa ki ajiye ta tukuna, ba a yanke irin wannan hukunci da zuciya tana tafasa, kuma in kika fita yanzu Mama za ta ɗauka ita ta jawo.

Saura buhun shinkafa. Na san yadda yake ci miki rai, ga abinci ga yara ga yunwa. Duk da haka kada ki buɗe shi a bayan idonta, kada kuma ki mayar. Bayan kin ba ta haƙuri, ki ce mata shinkafar nan da man da ambulan nata ne, ita za ta faɗi inda za su tafi, ke 'yar aike ce. Wataƙila ta ce a dafa wa jikokinta, kin ga ita ta ciyar da gidan, ku yi mata godiya yadda ya kamata, har da mijinki. Wataƙila kuma ta lissafo miki wasu mata da ta san sun fi ku shiga matsi, don irin su Mama sun san gidan da ba a ɗora tukunya ba. In haka ta zaɓa zai yi miki ciwo, ban ɓoye miki ba. Ki roƙe ta ta ware wa yaran rabonsu, sauran ki cije ki ɗauka, tun da hannunta bai warke ba, ki bi ta a baya tana nuna miki ƙofa, ki bari ita ta yi sallama ita ta miƙa.

Kada ki jira sai ranki ya gama hucewa, 'yata, jinin Mama ba zai jira ku shirya ba. Yau in kin tashi aiki ki wanke hannu, ki zuba abinci a kwano ɗaya, ki shiga ɗan ɗakin nan ki zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ki ce ba za ki ci ba sai ta sa hannu. Uwar da za ta iya hana kanta ba za ta iya kallon 'yarta ta dawo aiki da yunwa ba.

Allah ya ɗaga kafaɗar Mama, ya dawo mata da muryarta, ya buɗa wa mijinki aiki, ke kuma ya ba ki 'ya'yan da za su tsaya miki yadda kika tsaya mata.

Goggonki